Miyar Kuka a Cikin Lagireto

Wanda Allah ya ba ɗa mai cika baki, ya haɗa masa dariya da takaici a ƙwarya ɗaya. Ni Zuwaira, da kowa ke ce wa Inna a unguwarmu nan Ƙauran Namoda, an ba ni nawa. Autana ne, Halilu. Ina son abina, ni na haife shi, amma ba zan rufe maku ba: tun yana rarrafe bai taɓa ganin abu ya lalace ya bar shi a lalacewarsa ta farko ba. Sai ya ƙara masa.

Bara waccan ya sayi mota. Doguwa ce, 'yar Kwatano, mai layi uku na kujeru da ƙofar gefe wadda ake ja. Ranar da ya kawo ta ya tara unguwa, ya dafa bonet, ya ce daga yau an gama ganin iyalinsa a tasha. Ya raɗa mata suna Giwa.

Maƙwabcinmu Nasidi mai shayi ya zagaya ta, ya duƙa ya leƙa ƙasanta, ya ce, "Halilu, Giwar taka fa tana fitsarin kwance."

Halilu ya ce, "Gumi ne. Daga Turai ta fito, ba ta saba da zafinmu ba."

Tun daga ranar muke fama. Odarta in an danna ba ta yi, sai an taka rami ta yi da kanta. Ƙofar gaba ta fasinja ta ƙi buɗuwa tun damina. But kuma daga waje kawai yake buɗuwa. In matarsa Samira ta ce a kai wa bakanike, sai ya ɗaga wayarsa sama kamar mai rantsuwa.

"Bakanike? Ni da wannan a hannuna? Duk abin da ke kansu yana nan ciki, har da wanda suka manta."

To ga abin da ya kawo labarin. Jikata Sumayya, ɗiyar ɗiyata Kulsumu, tana aure a Shinkafi wajen wani malamin makaranta, Junaidu. Allah ya sauke ta lafiya, ta sami ɗiya mace. Ni kuwa ku dubi shekaruna, ga jikoki cike da gida, amma har yau ba a yi mani takwara ba. In mace ta zo, sai a ce ta uwar miji ce, ko ta wata gwaggo da ta rasu. Ban taɓa yin magana ba, amma abin yana nan ƙasan zuciyata kamar tsakuwa a takalmi. Wannan karon na buɗe baki na roƙa.

Ashe ba ni kaɗai ba. Kakar Junaidu, Hajiya Rekiya ta Birnin Tsaba can ƙasar Zurmi, ita ma ta sa rai. Muka dame shi da waya, ni da safe, ita da marece. Da ya gaji sai ya ce mana, yana dariya amma da gaske yake:

"Ku tsofaffin nan za ku kashe ni. To ku ji. Ranar suna kowa ta taso daga gidanta, ba zuwa a kwana. Wadda ta riga sa ƙafa a zaurena, ita ce da takwara. Na gaya wa liman zai jira har hantsi, tunda hanya yanzu ba a binta sai gari ya waye sosai."

Na ce to, da sassafe zan je tasha in shiga motar farko.

Halilu ya dafe ƙirji. "Inna! Uwar mai Giwa a motar haya? Kina son Nasidi ya sami abin sha da shayi? Wallahi kafin Hajiya Rekiya ta gama neman takalminta, ke kin ɗauki takwararki kina yi mata rawa."

Na dube shi, na dubi motar. Zuciyata ta ce mani tasha. Amma auta ne. Na ce to.

Ranar suna na fito da kayana: buhun gero, garin kunu, yajin mai jego, daddawa, kanwa, da garin kuka cike da kwano wanda na daka da hannuna na tankaɗe har ya yi laushi kamar kwalli. Na tarar da ƙasan Giwa ya jiƙe sharkaf, har kaji suna sha. Halilu na tsaye cikin farar shadda mai sitaci, bonet a buɗe, yana kallon waya.

"Ɗan yoyo ne a lagireto," in ji shi. "Wurin ruwan da ke sanyaya inji. Na ga wani a waya ya fasa ƙwai ya zuba, yoyo ya tsaya cak. To ni na fi shi tunani. Ƙwai me ya sani? Inna, ba ni ludayi ɗaya na kukar nan."

"Kukar mai jego?"

"Abin da ke kama tuwo ya riƙe shi har maƙoshi, ɗan rami kamar na allura ne zai gagare shi?"

Nasidi ya bar tukunyar shayinsa ya matso. "Halilu, in ta nuna ka aiko mani, ina da sauran tuwon jiya."

"Ka tsaya kan ruwan zafinka, Nasidi. Wannan kimiyya ce."

Ya zuba kuka, ya cika ruwa, ya rufe. Aka cusa buhun gero ta wajen direba aka zaunar da shi a kujerar gaba kamar wani babban baƙo. Ni da Samira muka zauna a layin tsakiya, ni a bakin ƙofa, kwanuka a cinyata. Sauran ƙullin kaya aka zuba a layin baya. Muka yi bisimilla muka tashi.

Mun zo fitar gari, daidai inda motocin Shinkafi ke lodi, sai Samira ta taɓa ni. Ga Hajiya Rekiya zaune kan ƙullinta, sandarta a gefe. Motar farko ta kawo ta daga Birnin Tsaba, tana jiran ta Shinkafi ta cika.

Halilu ya sunkuyar da kai bayan sitiyari. "Kowa ya yi shiru. Mu zame, ba ta gan mu ba."

Bai rufe baki ba ya taka rami. Giwa ta saki oda, paaam, har 'yan kamasho suka waiwayo. Rekiya ta ɗaga kai, idonta cikin nawa.

Na ce, "Tsaya."

"Inna, abokiyar gaba ce fa!"

"Abokiyar gaba a gidanku. Kakar surukinmu ce. Ta gan ni, na gan ta, in wuce in bar tsohuwa a rana? Da wane ido zan ɗauki jaririyar? Tsaya na ce."

Ya tsaya yana ƙunƙuni. Rekiya ta taso tana ɗingishi, tana dafa gwiwa.

"Zuwaira, ke ce cikin wanga dogon abu? Allah shi yi maki albarka. Gwiwar nan ta hana ni barci, ko taku ukku ban iya yi."

Halilu ya buɗe but, ya tallabe ta ya shigar da ita layin baya, tsakiyar ƙullin kaya, ya rufe. Sannan ya zagayo ta tagata ya raɗa mani, "Kin ga dabara? Ita tana can ƙurya, ba ta fita sai na buɗe. Ke kuwa ga ƙofa a hannunki. Ina tsayawa, ja ɗaya, kin sa ƙafa a zaure."

Rekiya daga baya ta ce, "Gwiwa ta mutu, Halilu, kunne bai mutu ba."

Muka ɗauki hanya. Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani rami, ƙofar da ke hannuna ta ja kanta, garararam, ta buɗe gaba ɗaya. Iska ta ɗauke faifan da na rufe daddawa, ni ma ba don Samira ta damƙe zanena ba da yanzu a gonar wani ake ba da labarina.

Samira ta yi wa mijinta ihu, "Innalillahi! Baban Ismail, za ka zubar mana da Inna!"

Ya taka birki, ya sauko, ya dubi ƙofar kamar ita ta yi masa rashin kunya. Ya ɗauko waya irin ta shinge da filaya, ya zura ta taga ya naɗe ƙofar da ginshiƙin mota, ya murɗa, ya murɗa, ya ƙara murɗawa har gumi ya tsattsafo masa.

Na ce, "To in mun isa fa?"

"Da filayar da na ɗaure zan kwance. Kafin ki ce amin."

Ya ɗora filayar a kan rufin mota don ya goge hannu kada ya ɓata shadda. Ya shiga ya ja. Can gaba kaɗan muka ji wani abu ya yi ƙwaram a bisanmu, ya gangara, ya yi shiru.

Samira ta ce, "Me ke nan?"

"Giwa ce ke gyaran murya."

Kafin mu kai Badarawa na fara jin wani ƙamshi da na sani. Na dubi Samira, ta dube ni. Rekiya ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya ɗora tukunya?" Allurar nan da ke nuna zafi ta haye har ƙarshe ta kwanta. Hayaƙi ya fara fitowa ta gefen bonet. Halilu ya gangara gefen hanya, kusa da famfon tuƙa-tuƙa inda mata ke ɗiban ruwa, wasu manoma kuma suna hutawa a inuwa da fartanyoyinsu.

"Ba komai, ƙishirwa ce. Ta ɗan huce in ba ta ruwa."

Muka zauna jiran Giwa ta huce. Rana tana hawa. Wayar Samira ta yi ƙara, Junaidu ne: liman ya iso, an shimfiɗa tabarmi, an fara raba goro, ina tsofaffinsa? Motocin haya suka wuce mu, har da wadda Rekiya ta baro tana lodi. Wata ta sake wucewa.

Na ce, "Halilu, kwance ƙofar nan in tari mota."

Ya laluba aljihu, ya laluba ƙasan kujera, ya dubi rufin mota. Ya yi tari. "Inna, zama cikin Giwa ya fi maki daraja."

Rekiya ta ƙwanƙwasa gilashin baya da sanda. "To ni buɗe ni."

"Haba Hajiya, in buɗe ki ki hau wata ki riga uwata? Ai tare muka taso, tare za mu isa."

Da ta huce ya buɗe murfin lagireto, ya leƙa, ya girgiza kai irin na likita. "Na gane. Magani ne ya yi kaɗan. Inna, miƙo kwanon."

"Na mai jego ne, ɗan nema!"

"Takwara kike so ko miya?"

Allah ya gani, takwara nake so. Na miƙa ta taga. Ya juye kwanon nan kaf, ya bi da ruwan famfo, ya karyo kara yana juyawa. Matan famfo suka ajiye bokitai suka zo kallo.

Rekiya, wadda ba ta iya ganin ana girki ta yi shiru, ta ce, "Mu dai a garinmu ba a kaɗa kuka babu kanwa."

Halilu ya tafa hannu. "Kun ji maganar manya! Kanwa ita ke sa ta kama jikinta. Samira, miƙo."

"Baban Ismail, tunda abin ya kai nan, ga daddawa, ga yaji. A gama aikin gaba ɗaya."

"Ke ba ki san inji ba, ki yi shiru."

Ya jefa dunƙulen kanwa. Wani dattijo cikin manoman ya gyara hula ya ce, "Malam, ba katsalandan ba. Tuwon a but za a tuƙa shi, ko yana gaba?"

Matan suka kwashe da dariya, wata har da zama a ƙasa. Halilu ya rufe murfin da ƙarfi ya ce, "Ku yi dariya. Haka aka yi wa wanda ya ƙera jirgin sama." Ya duƙa ya nuna ƙasan mota. "Ku duba nan. Akwai ɗigo?"

Gaskiya babu ɗigo. Ko ɗaya.

Daga nan zuwa Shinkafi Giwa ta riƙa wani irin gurnani, cikinta na ɓalɓal-ɓalɓal kamar talge ya tafasa. Duk inda muka ratsa sai ka ga mutane suna ɗaga hanci. Halilu kuwa sai waƙa yake yi yana buga sitiyari.

Muka shiga layin su Junaidu. Ga maza cike a ƙofar gida kan tabarmi, fararen riguna tas, liman a tsakiya, faranti na goro da dabino na zagayawa. Mai hankali da ya tsaya daga nesa. Halilu ya ce a'a, sai ya kai ni bakin zaure. Ya kutsa har gefen tabarmi, mutane na janye ƙafafu da takalma. Tayar gaba ta faɗa kwata, oda ta saki kanta, wannan karon kuma ta ƙi yin shiru.

Ya fito yana ɗaga hannu kamar ɗan takara. "Jama'a salamu alaikum! A shaida, Inna ta iso! A rubuta Zuwaira!"

Junaidu ya taso yana toshe kunne. "Kawu, sai ta sa ƙafa a zaure. Ina take?"

Ina nan ina jan ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Halilu ya kama wayar da ya murɗa da yatsu, ta ƙi. Ya sa haƙori, ta ƙi. Ya ce a kawo filaya, yara suka bazu gida-gida. Na dubi gaba, buhun gero ya toshe rabi, ga kwanuka a cinyata, ga gwiwa ni ma ba ta yarinya ba.

Sai bonet ya fara rawa, tururi na fita ta ko'ina. Liman ya ce, "Bawan Allah, motarka lafiya?"

Da Halilu ya yi shiru da an rabu lafiya. Amma an tambaye shi a gaban jama'a.

"Allah gafarta Malam, lafiya lau. Wata sabuwar fasaha ce na gwada, bari ma ku gani, ku ƙaru."

Ya buɗe bonet, ya cire hularsa ya naɗe hannu da ita, ya murɗa murfin lagireto.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma na daɗe a duniya. Murfin ya yi sama, bayansa miya ta biyo, koriya shar, mai kauri, mai kumfar kanwa, ta tashi ta fi tsayin zaure ta dawo kamar ruwan sama. Allah ya taimaki Halilu ya yi tsalle baya, amma santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikinta. Farar shadda ta koma ganye. Masu fararen riguna suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya tafi da na wani. Liman ya ɗage rigarsa ya haye dakali da saurin da ban zaci yana da shi ba. Farantin goro ya cika da miya. Awakin unguwa suka taho a guje.

Wani ya yi ihu, "Akwai tsofaffi a ciki! A fito da su kada ta kama da wuta!"

Samari suka yi kan ƙofata, ta ƙi. Sai ɗaya ya zaga baya ya ɗaga but, ya buɗe salin-alin. Wa ke bakin but? Suka ɗauko Rekiya cak suka dire ta a ƙasa.

Halilu daga cikin miya ya ɗaga hannu. "Kai! Ba ita ba! Ku mayar da ita! Uwata za ku fara fiddawa!"

Rekiya ta gyara mayafi, ta leƙo ta dube ni. "Zuwaira, ki gahwarce ni. Kin yi mani alheri, amma alkawali alkawali ne."

Matar nan da ta ce ko taku uku ba ta iya yi, sai ga ta ta saɓa sanda a kafaɗa, ta tsallake kwata, ta tsallake akuya, ta faɗa zaure. Kafin a janye ni ta kan kujerar baya, ƙafa a gaba kai a baya kamar buhun gero, na ji guɗa ta tashi a cikin gida.

Aka share wuri, aka sake shimfiɗa, liman ya yi addu'a daga kan dakali don ya ƙi saukowa. Ina tsaye a zaure na ji an ce, "Sunan yarinya Rekiya." Na ce amin tare da kowa. Amma ba zan yi maku ƙarya ba, tsakuwar nan ta motsa, har idona ya kawo ruwa.

Na shiga ɗakin mai jego na zauna a bakin gado. Sumayya ta dube ni, ta ɗauko jaririyar ta ɗora mani a cinya. Ja-jawur, da gashi lufluf, ta damƙe yatsana.

Sumayya ta ce wa jaririyar, "Inna, ga Inna ta zo."

Na ce, "Me kika ce mata?"

"Haba Inna, ni bakina zai iya kiran sunan kakar mijina gatsal? Junaidu ma ba zai iya ba. Dole a sakaya sunan. Ni kuwa tun ranar da na haife ta Inna nake ce mata, gidan nan kowa ya ɗauka."

Rekiya tana gefe tana shan kunu, ta ajiye ludayi. "Af! Wato ni na yi gudun, ke kin ci kiran? Sunana na bakin liman, naki na bakin kowa?"

Na ce, "Gwiwa ta mutu, Hajiya, rabo bai mutu ba."

Muka yi dariya har jaririya ta firgita.

Giwa dai a nan Shinkafi muka baro ta, a ƙofar gidan Junaidu, awaki na lasar ta. A motar haya muka dawo, Halilu cikin aron rigar Junaidu wadda ta tsaya masa a gwiwa. Muna sauka a tasha, wa za mu gani? Nasidi, ya zo sayen burodi. Labari ya riga mu isowa.

"A'a, Sarkin Miya! Iyalinka ne a tasha? Ina Giwa?"

"Tana hutawa," in ji Halilu. Ya juyo gare ni. "Amma Inna, tsakaninki da Allah, ki faɗa masa. Daga Badarawa har Shinkafi, lagireto ya ƙara ɗigo?"

Na ce, "Bai ƙara ba, ɗana. Ta ƙasa dai bai ƙara ba."

Ya ce, "Ka ji ko? Gishiri kawai na manta," ya yi gaba abinsa.

Yanzu yarinya ta fara tafiya. In na je Shinkafi, a motar haya nake zuwa, kuma da ƙafata nake shiga tasha. Da an ƙwala kira a tsakar gida an ce "Inna!", mu biyu ke waiwayawa.